Kwabo Ma Yana da Tsagar Gidansu

A ƙarƙashin gadon kakata, a Argungu, akwai wani gwangwanin alewa da tsatsa ta cinye bakin murfinsa. Ina aji biyu na sakandare ta yarda na buɗe shi, bayan ta gama yi mini tsiya son ranta. "Maigidana," in ji ta, "mi za ka yi da kuɗɗin da ko ƙuli-ƙuli ba su saye? In da waɗanga za ka biyan sadakina, na hwasa." Na zazzage shi a kan tabarma. Kwabbai masu huji sun fi talatin, wasu a zure cikin zaren da ya ruɓe. Ga anini birjik, ga sulalla huɗu masu hoton itacen kwakwa, ga wata dalar azurfa mai nauyi wadda maƙeri ya yi wa kunne don a rataya a wuya.

Abin da na yi da su da yammacin nan har yau yana ci mini rai. Na samo toka da lemun tsami da soso, na zauna a bakin rijiya na dirje su ɗaya bayan ɗaya, har suka ɗauki ƙyalli kamar kwanon amarya. A zatona gata na yi musu. Sai bayan shekaru, ranar da na fara kallon su da gilashin mai gyaran agogo, na ga aika-aikar da na yi: fuskar kowanne ta cika da ƙarce, kuma a jikin aninai biyu akwai wurin da wani ɗan harafi ya taɓa zama, yawo hannu zuwa hannu ya ci rabinsa, tokata ta ƙarasa sauran. A kan wannan ɗan harafi nake so mu yi magana da ku, ƙannena, musamman ku da na ga kun fara ɗaukar hoton tsofaffin kuɗi kuna sawa a Facebook kuna tambayar nawa za a saya.

A ƙasarmu dattijo yakan dubi fuskar baƙo ya ce wannan Bakabe ne, wancan Bagobiri, wancan Ba'are, tun mutum bai buɗe baki ba. Tsagar gado ce ta faɗa masa. Kwabo ma haka yake. Za ka jera guda uku na shekara ɗaya, sunan sarki ɗaya, faɗi ɗaya, nauyi ɗaya, amma ba maƙera ɗaya ce ta haife su ba, kuma kowace maƙera tana da 'yar alamar da take bari a jikin abin da ta buga.

Ɗauko kwabo mai huji ka riƙe shi ta gefe. Fuska ɗaya tana da tauraro mai tsini shida, irin wanda malamai ke kira hatimin Annabi Sulaimanu, da shekara a ƙasa. Juya ɗaya fuskar, mai kambin sarauta a sama da rubutun Larabci a ƙasa. Kai idonka kewayen hujin, musamman ƙasansa. In ka ga H, an buga shi a maƙerar Heaton da ke birnin Birmingham a Ingila. In KN ne, na kamfanin King's Norton ne, shi ma a gefen Birmingham ɗin. In SA ka gani, to wannan bai taɓa ganin Ingila ba, daga Pretoria ta Afirka ta Kudu ya zo, kamar wasu kwabban 1947. In kuwa wurin a share yake tun asali, na maƙerar gwamnatin Ingila ne da ke Landan a lokacin, wadda ba ta sa alama. A jikin sule da fataka, waɗanda ba su da huji, gindin itacen kwakwar za ka duba. Akwai ma harafi na huɗu da ba kasafai ake cin karo da shi ba: G, na kamfanin Gaunt, a jikin wasu sulallan 1920.

Me ya sa maƙeru da yawa haka? Domin aikin ya fi ƙarfin guda ɗaya. Kafin zuwan Turawa da wuri ake ciniki a nan, a ƙirga shi a tabarma, a ɗora wa jaki. Bature ya zo ya ce haraji da jangali da kuɗinsa za a biya. A 1907 aka fara buga wa ƙasar nan nata kuɗin ƙarfe, anini da kwabo. Anini na farko da alminiyam aka yi shi, yana cikin kuɗin alminiyam na farko-farko a duniya, amma bai jure yanayinmu ba, sai a 1908 aka koma ga gaurayen jan ƙarfe da nikel. Ɗari, wato sisin kwabo, ya biyo baya a 1911. Waɗannan na farkon suna ɗauke da sunan Nijeriya a jikinsu. Daga 1912 aka cire shi, domin a shekarar ne aka kafa hukumar kuɗi guda ɗaya ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila: Nijeriya, da ƙasar da yau ake kira Gana, da Saliyo, da Gambiya. Ma'ana, kwabon da Bajege ya karɓa a kasuwar Jega shi ne zai kashe a hanyar Gwanja in ya tafi fataucin goro. A 1913 taro da sisi da sule da fataka na azurfa suka fito. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, kowa yana neman tsaba. Maƙerar Landan, wadda ke buga wa Ingila kanta da sauran ƙasashen da ke ƙarƙashinta, sai ta riƙa raba kwangila. Ko kwabban Ingila na kansu, na 1912 da 1918 da 1919, akwai masu H, na 1918 da 1919 kuma akwai masu KN.

Sunayen nan sun fi kuɗin daɗewa. Har gobe mukan ce ba ni da ko sisi, ko a ce wane ba ya magani ko na anini. Da naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973, sule bai mutu ba, ya koma sunan kwabo goma, domin sule goma ne suka zama naira ɗaya. Shi kuwa anini har maɓallin riga da tauraron kafaɗar hafsa ya ara wa suna. Anini goma ke yin kwabo, kwabo goma sha biyu ke yin sule, sule ashirin fam guda. Duk wanda zai tara tsofaffin kuɗi ya fara haddace wannan lissafi, kada a ji kunya a gaban tsofaffi.

In kuna son farawa, ku fara da 1936, domin babu shekarar da ta fi ta daɗin koyo. A watan Janairun shekarar Sarki Joji na Biyar ya mutu, ɗansa Edward na Takwas ya gaje shi. Kafin Disamba ta ƙare ya ajiye sarautar saboda matar da ya nace sai ya aura. A Ingila kuɗin da ke da hotonsa ba su kai ga shiga kasuwa ba. Amma namu masu huji ba su da hoton kowa, suna kawai ake sauyawa, don haka aka buga anini da ɗari da kwabo da sunansa aka turo. Kowannensu iri uku ne: marar alama, mai H, mai KN. Uku sau uku, tara ke nan. Yaron da ya haɗa taran nan a takarda ɗaya, kowanne da bayaninsa, ya riƙe a hannunsa sarautar da ba ta cika shekara ba. Ku kuma tuna shekara biyu kacal ke nan bayan 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu aka yi masa bikin su, ziyarar da ta zama tushen bikin kamun kifin da duniya ta san mu da shi. Irin kwabban nan ne suka yi ta yawo a bakin Matan Fada, daga hannun masunci zuwa na mai fura. Sai dai a kula, ganin 1936 kaɗai bai isa ba, a karanta sunan, domin akwai na shekarar masu sunan mahaifinsa. Akwai ma wani kuskure da ya faru a maƙerar Heaton, inda aka haɗa hatimin kuɗin Gabashin Afirka da na kwabonmu aka buga. Masu tara kuɗi suna kiran irin wannan alfadari, uwa daban uba daban. Shi ya sa ake karanta fuska biyun duka, ba ɗaya ba.

Na san tambayar da ke bakinku, don haka bari in amsa ta ba tare da kwana-kwana ba. Harafi ɗaya yana iya sauya farashi, gaskiya ne. Misalin da ya fi shahara na Amurka ne: ƙaramin kwabonsu na 1909 mai hoton Lincoln da haruffan sunan wanda ya zana shi. Wanda aka buga a Philadelphia, marar alama, ya kusa miliyan 28. Wanda aka buga a San Francisco, mai S, guda 484,000 ne kawai. Tazarar farashinsu kamar ta doki da jaki ce, kuma saboda haka ne 'yan damfara suka ƙware wajen liƙa S a jikin marar alama. To amma yawancin abin da ke gwangwanayen gidajenmu an buga shi ne miliyoyi a kan miliyoyi, ya kuma sha hannu har ya sulɓe. Kwabon Edward ɗin ma da na yaba, ba shi da wuyar samu. Abu uku ke haɗuwa kafin kuɗi ya yi tsada: a ce kaɗan aka buga a wannan shekara a wannan maƙera, a ce bai goge ba, a ce kuma akwai mai nema. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba sa ɗaukar kaya. Wanda ya shigo harkar nan don ya sayi babur ya yi ɓatan kai, gara ya je noman rani a fadama, shinkafa ta fi saurin biya.

Wani saurayi ya taɓa tare ni a Birnin Kebbi, jikinsa har rawa yake, wai an ce masa akwai Bature a Legas da ke neman kwabo mai huji na wata shekara, zai ba da miliyoyi. An ma nuna masa wanda ke da irin kwabon, saura ya biya kuɗin gwaji da na mota. Na tambaye shi wace alama ce a ƙarƙashin hujin. Bai san akwai wata alama ba. Mai sayarwar da mai labarin Baturen bakinsu ɗaya, wannan ko makaho ya gani, amma kwaɗayi ya rufe masa ido. Abin da ya ba ni tausayi shi ne, da ya san abin da kuka karanta a sakin layi biyar da suka wuce, da tambaya ɗaya ta ishe shi ya watsa su.

Ita kuwa dalar kakata wani darasin ta koya mini. A jikinta an rubuta 1780, da hoton wata mace mai jiki, Mariya Tariza ta Ostiriya. Na yi shekaru ina fahariya da cewa muna da kuɗin da ya girmi jihadi, ya girmi shigar mayaƙan Abdullahi ɗan Fodiyo Birnin Kebbi a 1805. Ashe 1780 shekarar mutuwar matar ce, kuma tun daga nan duk wadda aka buga wannan shekarar ake sa mata, domin 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da namu ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama. An buga ta a Biyana, an buga a Rum, da Faris, da Landan, da Birmingham, har da Bombay ta Indiya, wasu ma a ƙarni na ashirin. Haruffan S.F. da ke ƙasan hoton na jami'an maƙerar Günzburg ne ta asali, amma masu bugun baya sun kwafe su tare da komai. Saboda haka a nan harafin ma ba ya raba gardama. Masana sai sun ƙirga duwatsun da ke jikin maƙalar kafaɗarta, su dubi gashin jelar gaggafar da ke baya, kafin su ce ga inda aka buga ta. Abin da ɗan koyo zai iya yi shi ne ya kai ta sikelin masu zinariya: ta gaske giram 28 ce da ɗan ɗoriya. Dalar ta daɗe a ƙasar Hausa, wannan ba shakka. Barth, Baturen Jamus da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya tarar ana canjin dala ɗaya wuri 2,500 a Kano. Amma daɗewar iri daban, daɗewar wadda ke hannunka daban.

Mu da ke bakin iyaka muna da wata garaɓasa da Bakano ba shi da ita. Ta Kamba da Kangiwa kuɗin Faransa da sefa sun daɗe suna shigowa, kuma 'yan'uwanmu na Dosso da Gaya har yau da dala suke lissafi, tamma biyar dala ɗaya. Maƙerar Faris ba harafi take sawa a irin waɗannan ba, 'yan hotuna ne ƙanana kamar ƙwayar gero. Ɗaya ƙaho ne mai zubo da albarkar gona, shi ne alamar maƙerar. Ɗayan na babban mai zanen maƙerar ne, yana sauyawa in an sauya mutum: fiffike daga 1931 zuwa 1958, mujiya daga 1958 zuwa 1974, kifin dolfin daga nan zuwa 1994. Ranar da na fara gano mujiyar nan a jikin wata tsohuwar dala biyar, sai da na kira duk yaran gida suka leƙa.

Kayan aikin ba su da yawa. Gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya, ko kyamarar wayar kanta in tana jawo abu kusa. Haske ya zo daga gefe, ba daga sama ba. Hantsi a bakin taga ya fi tocila, domin inuwa ce ke fito da harafin da ya kwanta. A juya kwabon a hankali har inuwar ta faɗa inda ake so. In laka ce ta toshe wurin, ruwa zalla da ɗan sabulu sun isa, a tsane da tsumma mai laushi ba tare da gogawa ba. Baƙin da tsufa ya sa wa ƙarfe ba datti ba ne, shi ne rigarsa, kuma mai saye na gaske da ya ga ƙyallin toka zai mayar maka da kayanka. A ajiye kowanne a 'yar ambulan ta takarda. Leda mai laushi tana sa ƙarfe ya yi kore, damshin damina kuma a kwarin Rima ba wasa ba ne.

Wurin da ɗan koyo ya fi faɗuwa shi ne wurin cewa "babu alama". Rashin ganin harafi ba shi ne rashin harafi ba. Wani ya goge da yawo, wani tun a maƙera bai fito sosai ba saboda hatimin ya gaji ko maiƙo ya cike shi, wani kuma da gangan aka kankare. In kambin da ke sama ya sulɓe, rubutun Larabcin ya dushe, to ba ka da hujjar cewa na Landan ne. Rubuta "ba a tantance ba" ka wuce. In kuma ka ga harafi ya fi sauran rubutun kaifi, ko launin kewayensa ya bambanta, ko ya karkace, yi zargin an dasa shi. Maganin duka biyun ɗaya ne: a jera uku ko huɗu na shekara ɗaya a gwada su da juna. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, in an saba masa. Sannan a duba kundin masu tara kuɗi, irin su Numista a intanet, a ga ko ma an taɓa buga wannan shekarar da wannan harafin. In ba a taɓa ba, ka san abin da ke hannunka.

Ko shekarar da ta goge ana iya kusantar ta. In sule fari ne mai ƙara in an jefa shi a siminti, na azurfa ne, tsakanin 1913 da 1920. A 1920 azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na farko, aka koma tagulla. Na azurfar sun yi wuya a gidajenmu ne saboda maƙeran fari sun narkar da su sun yi zobba da warwaro, matan Fulani kuma sun kitsa wasu a gashi. In gefen sulen yana da kwari a tsakiya, daga 1938 ne zuwa sama, dabarar da aka yi don a karya masu buga na jabu. In kwabo mai huji ja ne ba fari ba, bai girmi 1952 ba. In sunan Sarki Joji na Shida ya zo ba tare da laƙabin sarautar Indiya ba, an buga shi bayan Indiya ta sami 'yanci a 1947. Na ƙarshe a wannan jeri na 1958 ne. A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fito da namu na kanmu, su ma kwabo da ɗari da hujinsu da tauraronsu, har yara kan rikita su da na da. A karanta sunan ƙasar da ke jiki.

Abin da na fi so ku yi, fiye da tarawar kanta, shi ne rubutu. Littafi ɗaya na makaranta ya isa: irin kuɗin, shekara, sunan sarki, alama, yadda ya goge, sannan a ina aka same shi, a hannun wa, me ta ce a kansa. Wannan layi na ƙarshe babu kundin Turawan da ke da shi. Kakata ta gaya mini abin da anini ke saya a kasuwar Argungu tana budurwa, da yadda ake zura kwabbai a zare goma sha biyu-goma sha biyu a ɗaura a ƙugu, ban rubuta ba, yau rabin maganar ya tsere mini, ita kuma ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Ku shiga Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi suka zauna har 1942, wadda ta koma gidan tarihi a 1958, ku lura da abu ɗaya: kayan da aka san labarinsu su ne ke tsayar da mai kallo. Kwabo mai KN da aka san daga gwangwanin wace tsohuwa ya fito a Gulma ko Ambursa ya fi mini goma da aka saya a tire a bakin tasha.

Saboda haka cikin makon nan, wanda kakarsa ke da rai ya je ya gaishe ta, ya riƙa mata ɗan goro, ya jure tsiyar da za ta yi masa, ya roƙi gwangwanin. Ya tafi da littafi da biro, ya zauna inda hantsi ke shigowa, ya bar ta ta yi magana kafin ya fara leƙen haruffa. Kada ya tsinke zaren in ya tarar da su a zure. Toka kuwa a bar ta a murhu.